Musulmin Birnin Sin Da Abin Da Ya Riƙe Su

Jama'a, duk wanda ya komo daga ƙasar Sin a wannan zamani, ɗayan labari biyu yake kawo mana. Wani ya ce ƙasa ce ta abin al'ajabi, benaye har suna taɓa gajimare, jirage kamar walƙiya, ga masallatai, ga gidajen abincin halal a kowane titi, saboda haka duk zancen da ake yi na takura wa Musulmi ƙage ne na Turawa. Wani kuwa ya ce ƙasar kurkuku ce guda, ba mai ikon ɗora goshi a ƙasa. Ni dai na yi mako biyar a cikinta a dogon hutun 2024, da jakata goye a baya, ina kwana a masaukin talakawan matafiya inda ake jera gadaje takwas a ɗaki, wani bisa wani. Abin da na fahimta shi ne, masu labarin nan biyu duk gini suka tsaya kallo. Wanda yake so ya san halin da Musulunci yake ciki a Sin, jiya da yau, sai ya nemi malami da yaron da ke zaune gabansa. Wannan shi ne ra'ayina, zan kuwa kawo dalilaina.

Bari mu fara da abin da ba shi da gardama, domin yabon gwani ya zama dole. Na sauka a birnin Guangzhou, wanda Turawa suka daɗe suna kira Kanton, can kudu. Bisa ga ƙidayar 2020 mutanensa sun wuce miliyan 18, amma ba ka jin hayaniyar da za ta dace da wannan yawa. Baburansu na lantarki ne, ba su da ƙara, sai dai ka ji iska ta wuce ta gefen kunnenka. Jirgin ƙarƙashin ƙasa bai cika minti biyar bai zo ba. Kuɗin hannu sun kusa zama labari: tsohuwar da ke gasa dankali a bakin titi tana da ɗan zane mai kusurwa huɗu kamar hatimi, ka haska shi da wayarka ta WeChat ko Alipay, ciniki ya ƙare. Da asuba tsofaffi suna cika lambunan gari suna motsa jiki, da magariba kuma mata masu jikoki su taru a dandali su kunna kiɗa su yi ta rawa a jere, ba mai kallon wani. Kowa da gorar ruwan zafinsa, a tasha da cikin jirgi kuwa ruwan zafin kyauta ne.

Zancen jirgin ƙasa fa sai wanda ya gani. A 2008 suka buɗe hanyar farko mai gudun kilomita 350 a awa, tsakanin Bejin da Tianjin, yanzu tsawon irin waɗannan hanyoyi ya wuce kilomita 40,000. Daga Bejin zuwa Shanghai kilomita 1,318 ne, jirgin yana cinye su cikin awa huɗu da rabi. Mu ma mun ɗan ɗanɗana aikinsu, gama kamfaninsu ne ya shimfiɗa hanyar Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da ta Legas zuwa Ibadan ta 2021.

To, amma tsarin nan yana tafe da ɗan rakiya. Ba ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa sai an saka jakarka cikin injin bincike. Ba ka sayen tikitin jirgi sai da fasfo. Duk masaukin da ka kwana sai ya rubuta sunanka ya kai wa 'yan sanda. Idon na'urar ɗaukar hoto yana bisa kowace mararraba. Facebook da WhatsApp da Google duk a toshe suke. Baƙo yana yawo cikin aminci da tsakar dare, hukuma kuma ta san inda ya kwana jiya da inda zai kwana gobe. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin za mu komo kansa.

Yanzu sai Musulmi. Gwamnatin Sin ta lasafta ƙabilu 56 a ƙasarta, goma daga ciki Musulmi ne, jimillarsu kuwa ta wuce miliyan 20. Manya a cikinsu biyu ne, kowace ta ɗara miliyan 11 a ƙidayar 2020. Akwai Uigur, mutanen lardin Shinjiyang na can yamma, masu harshe dangin Turkanci. Akwai kuma Hui, waɗanda suke warwatse ko'ina cikin ƙasar. Su Hui harshen Sin suke yi, kamanninsu na Sinawa ne, in ba don farar hula ko ɗankwali ba ba ka rarrabe su da maƙwabtansu. Matafiyi mai ƙaramin guzuri da su yake fara haɗuwa, domin su ne masu ɗakunan taliyar Lanzhou, wadda ake ja da hannu a gabanka a zuba mata romon naman shanu. Alamar da za ka nema a ƙofa kalma ce ta harshensu, "cingjan", ma'anarta tsarki da gaskiya, da ita suke nufin halal. In ka yi sallama sai ka ga fuskar mai ɗakin ta sake, ya amsa maka, wani lokaci har ya ƙaro maka nama.

A Kanton akwai unguwar Xiaobei, inda fatake daga Afirka ta Yamma suke sauka, har ka ji Hausa a bakin titi. Akwai masallacin Huaisheng mai tsohuwar hasumiya, tsawonta wajen mita 36, wadda aka ce a da tana yi wa jiragen ruwa jagora. Akwai kuma hubbaren da mutanen garin suke cewa na Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne. Malaman tarihi sun tabbatar a kusa da Madina ya rasu, a can aka binne shi, amma riwayar ta nuna yadda mutanen nan suke ƙaunar su haɗa asalinsu da farkon addini. Ran Juma'a a masallacin da ke wurin, sai ka ga Bahaushe da Balarabe da mutumin Pakistan da Hui kafaɗa da kafaɗa.

Daga Kanton na nufi arewa maso yamma zuwa Shi'an, tsohon babban birnin sarakunan daular Tang, inda hanyar fataken siliki take farawa. Ganuwarsa tana nan tsaye, kewayenta kusan kilomita 14, har keke ake hawa a kanta. Bayan Hasumiyar Ganga akwai unguwar Musulmi, lunguna cike da hayaƙin tsire da masu ɓarɓasa gurasa cikin romon rago. Cikin ɗaya daga lungunan nan Babban Masallaci yake. Wani allon dutse da ke ciki ya ce a shekara ta 742 aka kafa shi, ginin da ake gani yanzu kuwa na zamanin daular Ming ne. Wanda ya shiga yana neman ƙubba da dogayen hasumiyoyi irin na Masar ba zai samu ba. Farfajiya ce bayan farfajiya, da ƙofofin katako, da rufi mai lanƙwasassun baki irin na fadar sarakunan Sin, da itatuwa da tsuntsaye. Sai ka kai ƙarshe ka ga zauren salla yana fuskantar yamma, wajen alƙibla, ga rubutun Larabci da aka ja da burushi har ya ɗauki kamar rubutun Sinawa.

A nan ne tambaya take tasowa. Mutanen nan 'yan tsiraru ne cikin teku na waɗanda ba Musulmi ba. Tsakaninsu da Makka a da tafiyar shekara ce ko fiye. Ba su da sarki nasu, ba su da alƙalin da hukuma take tsoro. Me ya hana su narkewa cikin shekara fiye da dubu?

Lalle sun kusa narkewa. Kakanninsu fatake ne Larabawa da Farisawa, da kuma ɗimbin ma'aikata da sojan da Mongol suka kwaso daga yamma a ƙarni na 13. Da aka shiga zamanin Ming, jikoki suka auri 'yan ƙasa, suka ɗauki sunayen Sinawa, Larabci da Farisanci suka fita daga bakinsu, littattafai suka yi ƙaranci, masu iya fassara su suka fi ƙaranci. Sai Allah ya kawo wani malami a lardin Shaanxi, watau lardin da Shi'an take, sunansa Hu Dengzhou, wanda ya rayu daga 1522 zuwa 1597. Abin da ya yi ba wani abin mamaki ba ne a idon wanda ya san makarantun zaure. Ya tara ɗalibai, aka tsara littattafan da za a bi ɗaya bayan ɗaya, na nahawu da fiƙihu da tauhidi da tafsiri, ana karanta Larabci ko Farisanci ana warware shi da harshen Sin. Makarantar ta zauna a harabar masallaci, jama'ar unguwa suke ciyar da masu karatu. In ɗalibi ya sauke, sai a yi taro a sa masa riga a gaban jama'a, ya zama "ahong", watau malami kuma limami, kalmar da suka aro daga Farisanci. Sa'an nan wata unguwa ta ɗauke shi, shi ma ya buɗe tasa makarantar. Da haka karatun ya bazu lardi bayan lardi.

Ɗaliban nan suka kuma yi wata dabara da za ta ba Bahaushe dariya don sani. Rubutun Sinawa yana da wuya, sai yaro ya haddace alamu dubbai kafin ya karanta littafi, talakan ƙauye kuwa ba shi da wannan sukuni. Sai suka riƙa rubuta harshen Sin da baƙaƙen Larabci, suna ƙara ɗigo inda sauti ya rasa harafi. Sunan abin a wurinsu "xiao'erjing". Ajami ke nan, ba ragi ba ƙari. Mu da su ba mu taɓa haɗuwa ba, amma buƙata iri ɗaya ta kai mu ga magani iri ɗaya.

Waɗansu malaman suka fuskanci masu ilmin birni. Wang Daiyu a ƙarni na 17, da Liu Zhi na birnin Nanjing a farkon ƙarni na 18, sun ƙware a littattafan Konfushiyas, sai suka rubuta bayanin Musulunci da tsantsar harshen malaman Sin, suna amfani da kalmomin da Basine mai ilmi ya saba da su, don ɗan Musulmi da ya yi karatun fada kada ya raina addinin ubansa. A zamanin kusa kuma aka yi Muhammad Ma Jian, mutumin Yunnan, wanda ya tafi Azhar a 1931. Shi ya juya zantukan Konfushiyas zuwa Larabci, ya kuma fassara Alƙur'ani zuwa harshen Sin na yau, aka buga fassarar a 1981, bayan rasuwarsa da shekara uku.

Ba a bar mata a baya ba. A lardin Henan makarantun mata sun girma har suka zama masallatai na mata zalla, da malamai mata da ake kira ahong kamar maza. Na unguwar Wangjia a birnin Kaifeng yana tsaye tun 1820. A daidai wannan zamani ne Nana Asma'u take tasowa a ƙasar Sakkwato, wadda daga baya ta riƙa naɗa jajis tana aika su ƙauyuka su koyar da mata. Can da nan duk an gane cewa in uwa ta jahilta, gida ya tafi.

Wannan sarƙa ta malami da ɗalibi ita ta ɗauki jama'ar ta haye da su manyan masifu. An yi yaƙe-yaƙe masu muni tsakanin Musulmi da daular Qing a Yunnan daga 1856 zuwa 1873, da kuma arewa maso yamma daga 1862, garuruwa suka zama kufai. An yi Juyin Al'adu na Mao daga 1966 zuwa 1976, aka rufe masallatai, aka mai da waɗansu rumbuna da masana'antu, aka ƙone littattafai. Da guguwar ta lafa, tsofaffin ahong da suka tsira suka fito da abin da ke ƙirjinsu, suka sāke tara yara. Gini ya faɗi an tā da shi cikin shekara biyu ko uku, domin mai karantarwa yana raye.

To, ina aka kwana yau? Daga 2018 gwamnati ta shiga wani shiri na shekara biyar wanda ta ce na mai da Musulunci ya dace da ɗabi'ar Sin ne. Aka bi masallatan da aka gina da ƙubba da hasumiya irin ta Larabawa ana sauke su, ana ɗora rufi irin na gida. Mutanen Weizhou a Ningxia sun yi zaman dirshan a masallacinsu a watan Agusta na 2018. A 2021 aka cire ƙubbar babban masallacin Dongguan na birnin Xining. A watan Mayu na 2023 aka yi arangama da 'yan sanda a Najiaying ta Yunnan. A 2019 aka umarci masu gidajen abinci a Bejin su cire rubutun Larabci daga allunansu. Ni ma a Lanzhou, inda na ƙarasa daga Shi'an, na ga alluna da tabon inda aka kankare harufa.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa su yi kuka, ba kuwa zan ce ba su da hujja ba. Gaskiya ne masallacin Shi'an ya yi ɗaruruwan shekaru ba shi da ƙubba, addini bai ragu ba. Amma rigar da mutum ya ɗinka wa kansa daban take da wadda aka tuɓe shi aka sa masa da ƙarfi, ko da yadin ɗaya ne. Duk da haka ba a nan gizo yake saƙa ba. A 2018 ɗin nan hukumomin Linxia a lardin Gansu, garin da ake yi wa laƙabi da Ƙaramar Makka saboda yawan malamansa, suka hana yara zuwa karatun addini a masallatai, aka kuma rufe makarantun Larabci a wurare da dama. Abin da idona ya gani ya yi daidai da wannan. A masallatan da na yi salloli biyar a Shi'an da Lanzhou, sahu na masu furfura ne. Suna da fara'a, suna riƙe hannun baƙo da hannu biyu, amma ban ji ƙarar yara masu biya karatu a harabar ba. Ku tuna da idon hukuma da na ambata a baya. A zamanin da, in an hana karatu a fili, malami yakan ja yara ƙuryar ɗaki. Yau da na'ura a kowace ƙofa da waya a kowane aljihu, ƙuryar ɗakin ma ta ƙuntata.

Na Shinjiyang kuwa ya fi wannan nauyi nesa. Daga 2017 aka tsare ɗimbin 'yan Uigur da waɗansu ƙabilu a sansanoni. A 2018 wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ya sami rahotanni masu ƙarfi cewa adadin zai kai miliyan guda. Gwamnatin Sin ta ce makarantun koyon sana'a ne don maganin ta'addanci, ta kuma ce a ƙarshen 2019 kowa ya gama. A ƙarshen Agusta na 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar ya fitar da rahoto, ya ce abin da aka yi yana iya zama laifi a kan bil Adama. Sin ta ƙi amincewa da rahoton. Matafiyin da ya ci taliya a Kanton ya yi Juma'a cikin kwanciyar hankali, ba shi da hurumin ya ce wannan duka ƙarya ce. Baƙo ko yana da ido makaho ne.

Na san akwai mai cewa, mutanen da suke gina mana hanyar jirgi, suke sayar mana da kaya da araha, suke ba 'ya'yanmu gurbin karatu, ina ruwanmu da cikin gidansu? Amsata ita ce ciniki daban, shaida daban. Mu sayi kayansu, mu koyi tsarinsu da ƙwazonsu, lalle akwai abin koyo mai yawa. Amma in an tambaye mu abin da muka gani, mu faɗe shi duka, mai daɗi da mai ɗaci. Wanda zai tsaya gaban aji gobe bai kamata ya saba da faɗin rabin magana ba.

Mu da muke shirin zama malamai, labarin nan ya shafe mu ta wata fuska. Da yawa daga cikinmu za a tura mu garuruwan da yaran ajinmu 'yan tsiraru ne, ko ta harshe ko ta addini. Ku dubi 'ya'yan Hausawan Sabo a Ibadan ko na Agege a Legas, waɗanda Yarabanci ya fi zama a bakinsu. Malaman Hui ba su tsaya suna zagin yara don sun manta Larabci ba. Sun bi yaran zuwa harshen da suke ji, suka zuba musu ilmi a cikinsa, suka ƙago rubutu don talaka, suka buɗe ƙofa ga mata, suka kuma tabbata kowane malami ya bar magaji. Jama'armu kuwa mun fi son a tara kuɗi a yi gini mai tsawo da fenti, alhali malamin da ke koyarwa a gindinsa ya yi wata uku ba a biya shi ba.

Tun muna yara muke jin ana ambaton Birnin Sin in ana zancen nisan tafiya don neman ilmi. Yanzu tafiyar ta zama ta kwana ɗaya a jirgin sama, waɗansunku kuwa za su je, ko don karatu ko don fatauci. In kun je ku hau jirgin nan mai gudu, ku ci taliya, ku ɗauki hoto a ganuwar Shi'an. Sa'an nan ku shiga masallacin unguwa bayan la'asar, ku gai da tsofaffi da ladabi, kada ku ja su da tambayar da za ta jawo musu wahala bayan kun tafi. Ku dai zauna ku duba da kyau ko akwai yaro a wurin, da wanda yake koya masa. Abin da kuka gani shi za ku kawo mana.

Allah ya kyauta halin 'yan'uwanmu na can, ya sa mu zama malaman da za a yi alfahari da su, amin.